Zama da Tsayuwa a Wurin Bikin Aure

Bikin aure a ƙasar Hausa taro ne na kwanaki, kuma kowane zango nasa yana da irin zaman da ya dace da shi. Akwai inda tsayuwar baƙo take zama girmamawa, akwai inda ita wannan tsayuwar take zama tsageranci. Saurayin da ya miƙe a ɗakin liyafa lokacin da amarya ke shigowa ya yi abin da ake so. Idan kuwa ya je ya tsaya ƙerere a kan mahaifin amarya yana miƙa masa hannu, alhali dattijon na zaune a tabarma, to ya jawo wa gidansu magana. Katin gayyata ba ya faɗin waɗannan abubuwa. A da, yaro yakan koye su ta bin mahaifinsa wurin ɗaurin aure, yarinya kuma ta bin uwarta gidan biki. Yanzu biki ɗaya yakan fara daga ƙofar gida, ya bi ta masallaci, ya ƙare a babban ɗakin taro na haya, sai ga ladubba biyu masu asali daban sun haɗu a wuni ɗaya, mutane suna ɗaukar na wannan wuri suna kai wa wancan.

A al'adar Bahaushe, ƙarami rage tsawonsa yake yi a gaban babba. Namiji ya tuɓe takalmi ya tsuguna, mace ta durƙusa, mai wucewa ta gaban manya ya rusuna. Wanda ya tarar da dattawa zaune ba ya gaishe su daga tsaye, sai ya sauko daidai da su ko ƙasa da su. Idan dattijo na kan kujera, yaro ya zauna a ƙasa. Idan dattijon na kan tabarma, yaron ya tsuguna a bakinta, ba ya hawa sai an ce ya hau. Ladabin da ya shigo ta makarantar boko da barikin soja da kotu da coci kuwa miƙewa yake koyarwa: ɗalibai su tashi idan malami ya shigo aji, jama'a su tashi idan alƙali ya shigo kotu, a tashi don taken ƙasa. Duka biyun girmamawa ake nufi da su. Aikin baƙo shi ne ya gane wanne ne ke da iko a inda ƙafarsa take.

Ɗaurin aure shi ne ginshiƙin bikin, kuma zaune ake yin sa. Akan yi shi a ƙofar gidan waliyyin amarya ko a masallaci, sau da yawa bayan sallar Juma'a, ko da hantsin Asabar ko Lahadi. Taro ne na maza. Akan shimfiɗa darduma a tsakiya inda liman zai zauna, waliyyin amarya da wakilin ango na kusa da shi, dattawan dangi biyu na kewaye da su. Wannan da'ira ta ciki ba ta kowa ba ce. Shi kansa ango sau da yawa ba ya cikinta, yana can baya tare da abokansa, domin wakilinsa ne ke magana da yawunsa. Sauran jama'a sukan jeru a tabarmi ko a kujerun roba ƙarƙashin rumfa, manya a gaba, samari a baya.

Wannan zama yana da dalili na shari'a. Aure yana buƙatar waliyyi da sadaki da siga da shaidu adalai. Wakilin ango zai nemi auren a fili, waliyyi ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa, a ambaci sadaki da adadinsa, a kuma faɗi ko lakadan ne ko ajalan. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yawancin Musulmin ƙasar Hausa, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne na zinariya ko dirhami uku na azurfa. Waɗannan kalmomi ba sa cin minti biyar, amma su ne auren. Mutanen da aka gayyato sun zo ne su ji su da kunnensu, domin ranar da gardama ta tashi a kan adadin sadaki, ko a kan wanda ya ba da auren, su za a nema. Matsalar da ta yi yawa a yanzu ita ce, da zarar liman ya gyara murya, sai samari su taso su yi wa da'irar zobe, kowa da wayarsa a sama yana ɗaukar bidiyo. Dattawan da ke zaune a sahu na biyu da na uku ba su ƙara gani, ba su ƙara ji. Kawun amarya da ya taso daga ƙauye tun asuba sai ya koma gida bai ga komai ba sai bayan riguna. Wannan ta wuce rashin ladabi, tauye haƙƙin shaidu ne. Gidan da ke son hoto ya sa mutum ɗaya, shi ma ya yi aikinsa a tsugune.

Mutum ɗaya ne al'ada ta yarje wa tsayuwa a wannan lokaci, wato sanƙira. Shi ne ke ɗaga murya ya nemi a yi salati ga Annabi, ya maimaita wa na nesa abin da liman da waliyyi suka faɗa, ya shelanta sunan ango da na amarya da sadaki, ya kuma sanar cewa an ɗaura. Tsayuwarsa aiki ce, domin muryarsa ta kai ƙarshen taro, ko da yake lasifika ta rage masa wahala a birane. Masu rabon goro da alewa da dabino su ma a kan ƙafa suke, amma a sunkuye suke bin sahu, kuma ba sa farawa sai an gama.

Wanda ya makara yana da nasa ladabin. Ya yi sallama sau ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, ya zauna a inda taro ya ƙare. Sahabi Jabiru ɗan Samura ya ruwaito cewa haka suke yi idan sun zo majalisin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bin sahu ana musabaha da kowa alhali liman na huɗubar aure, da tsallake kafaɗun mutane don a kai gaba, da kutsawa tsakanin mutum biyu da ke zaune tare ba da izininsu ba, duka an yi hani da su ko kuma hankali ya ƙi su. Na zaune su ma da nasu nauyin. Aya ta 11 ta Suratul Mujadala ta umarci muminai su yalwata wa juna a majalisi idan an nemi haka, su kuma tashi idan an ce su tashi. Tabarmar da ta ɗauki mutum biyar tana ɗaukar shida idan kowa ya tattara babbar rigarsa. Wanda ya tashi don ya sake alwala ko ya amsa kira ya dawo, shi ya fi cancanta da wurinsa, kamar yadda ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira.

A nan akwai wata gaɓa da take buƙatar a tsaya a kanta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa an hana mutum ya tayar da wani daga mazauninsa don shi ya zauna, kuma shi Ɗan Umar, saboda tsantseni, ko tashi aka yi masa ba ya zama a wurin. A gefe guda kuma, tarbiyyar Bahaushe ta koya wa yaro ya tashi ya ba babba kujera. Waɗannan biyun ba su ci karo ba. Saurayin da ya ga dattijo na dogara sanda, ya tashi da ransa ya ba shi wuri, ya yi kyauta da haƙƙinsa, kuma abin yabo ne. Abin da aka hana shi ne a tayar da mutum. Wannan kuwa ana yawan ganin sa idan wani mai muƙami ko mai kuɗi ya iso a makare, 'yan rakiyarsa su riga shi shiga suna cewa a tashi a ba shi wuri, a kwashe talakawan dangi daga sahun gaba a tura su rana. Sau da yawa waɗanda aka kwashe ɗin sun fi baƙon kusanci da amarya. Mai gida da ya san yana jiran irin waɗannan baƙi sai ya ware musu wuri tun kafin jama'a su taru, ya sa wani ya tsare shi. Keɓe kujerar da babu kowa a kanta bai taɓa mutuncin kowa ba.

Idan a masallaci ake ɗaurawa, ladabin masallaci ne a gaba. Mai shigowa yakan yi raka'a biyu na gaisuwar masallaci kafin ya zauna, sai dai a lokutan da Malikiyya ba sa nafila, kamar bayan sallar La'asar. Idan bayan Juma'a ne, waɗanda ba su zo don auren ba su fita da wuri ko su zauna su ƙara yawan masu addu'a, 'yan ɗaurin aure kuma su matso gaba ba tare da gittawa ta gaban mai salla ba. Tsayuwa a bakin ƙofa ana leƙe ita ce mafi muni, domin tana toshe hanya da iska, mai ita kuma bai shiga ba bai fita ba.

Tambayar da ake yawan yi wa malamai ita ce hukuncin miƙewa don wani babba ya shigo. Magabata sun yi saɓani a kanta, kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Akwai hadisin Mu'awiya, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai gargaɗi mai tsanani ga wanda yake son mutane su riƙa tsaya masa. Akwai kuma hadisin da Annabi ya umarci Ansar su tashi zuwa ga shugabansu Sa'adu ɗan Mu'azu, da ruwayar cewa yakan tashi ya tarbi 'yarsa Fatima idan ta shigo. Buhari ma ya kawo a littafin aure cewa Annabi ya hango mata da yara na Ansar suna dawowa daga wani biki, sai ya miƙe tsaye ya bayyana musu irin son da yake yi musu. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya rubuta ɗan littafi yana halatta tsayuwa don girmama ma'abota ilimi da nagarta. Ibnul Hajji, malamin Malikiyya da ya rasu a 1336, ya yi masa raddi a cikin littafinsa al-Madkhal, littafin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya dogara da shi sosai wajen yaƙi da bidi'o'i. Abin da mutane da yawa suka ɗauka daga wannan muhawara shi ne bambanci tsakanin tashi a tarbi baƙo a zaunar da shi, da kuma a tsaya a kan mutum yana zaune ana yi masa kwarjini. Na farko karramawa ne, kuma aikin mai gida ne da 'yan'uwansa. Na biyu shi ne abin tsoro. A wurin ɗaurin aure, ba a buƙatar taro duka ya tashi saboda mutum ɗaya, balle idan an riga an fara. Mutum biyu daga masu gida su tarbe shi sun wadatar.

Idan sarki ko hakimi ya halarta, tsarin fada ne ke aiki. Jama'a sukan tashi a buɗe hanya har ya zauna, daga nan kowa ya koma ƙasa. Mai gaisuwa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi jinjina, dogarai su amsa masa, ya ja da baya ya nemi wuri. Ba a miƙa wa sarki hannu, ba a kuma zama a abin da ya fi mazauninsa tsawo. Idan zai tafi, shi ke fara tashi.

Da sanƙira ya ce an ɗaura, ba a gama ba tukuna. Akwai addu'a ga ma'aurata da iyayensu da magabatan da suka rasu, kuma sai an shafa fatiha ta ƙarshe ake motsawa. Tashi a tsakiyar addu'a don a riga wasu fita da mota, ko rububin goro da alewa tun hannaye na sama, abu ne da ke rage wa taro daraja. Liman da dattawa su ke fara miƙewa. Daga nan tsayuwa ta zama daidai: a yi wa ango musabaha, a ce Allah ya sanya alheri, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Shi kuwa ango, ko da ya sha babbar riga mai aiki, ko da kuwa yana da babban muƙami a wurin aikinsa, yakan je ya tsuguna gaban surukansa da iyayensa maza ya yi godiya, abokansa na tsugune a bayansa. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wanda ya ba mutum 'yarsa.

A cikin gida kuma mata ne, kuma da labari ya shigo cewa an ɗaura, sai guɗa ta tashi. Ranar yini, macen da ta iso takan fara shiga ɗakin da uwar amarya ko uwar ango take, ta durƙusa ta gaishe ta da tsofaffin da ke wurin, ta miƙa gudunmawarta, sannan ta fito ta nemi sa'o'inta a tsakar gida. Tsofaffi ne ke da gado da kujera da inuwa. 'Yan mata kuwa hidima ce tasu, su ne ke kai ruwa da kwanuka, kuma idan za su ajiye abinci a gaban babbar mace, durƙusawa suke yi su ajiye. Matar da aka auro cikin dangi ba ta zama kafaɗa da kafaɗa da uwar mijinta, ko da wurin babu kowa, saboda kunyar surukuta. Ba a miƙe ƙafa ana fuskantar manya da tafinta, ba a kuma tsallake ƙafafun na zaune.

Wajen kamu, amarya na zaune a lulluɓe, ƙawayenta sun kewaye ta, dangin ango mata su zo su yi ciniki da ƙawayen har a daidaita, sannan a yaye lulluɓin a fesa mata turare. Masu wannan aiki su kaɗai ya kamata a gani tsaye. Idan kowa ta taso, sai ya zama kakannin da suka fi kowa ɗokin ganin fuskar yarinyar su ne ba su gani ba. Haka abin yake a fagen rawa. Masu kiɗan ƙwarya zaune suke kiɗansu, kuma a irin wasan amada da marigayiya Barmani Choge ta shahara da shi, mace takan shiga fage ta taka ta yi liƙi ta koma mazauninta, wata ta shiga. Fage na buƙatar fili, na zaune na buƙatar gani. Yana da kyau a sani kuma cewa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa takardun naira da taka su a wurin biki, ta kuma tanadi ɗauri ko tara ko duka biyu. Miƙa kuɗin a hannu ko sanya shi a faranti ya fi, kuma yana rage cincirindon masu sunkuyawa a tsince.

Duk waɗannan ƙa'idodi suna da waɗanda ba su hau kansu ba. Tsoho mai ciwon gwiwa, da mai juna biyu, da mai goyo, da marar lafiya, da mai lalurar ƙafa, ba a neman su tsuguna ko su miƙe. Sallar farilla ma an yarda wanda ba ya iya tsayuwa ya yi ta a zaune, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini. Saboda haka harara ko tsegumi ga wanda bai tashi ba, tun ba a san dalilinsa ba, kuskure ne. Masu gida su ajiye wa irin waɗannan baƙi kujeru kusa da ƙofa da kuma kusa da makewayi.

Walima cin abinci ce, kuma zaune ake ci. Muslim ya ruwaito hani a kan sha a tsaye, an kuma ruwaito cewa Annabi ya sha ruwan Zamzam a tsaye, don haka malamai da yawa suka ce zama shi ne mafi kyau, tsayuwa ba haramun ba ce. Idan wuri ya yi kaɗan, akwai mafita tun a sunna: Anas ɗan Malik ya ba da labarin walimar da aka riƙa zaunar da mutane goma-goma, waɗannan su ci su tashi, waɗancan su zauna. A walimar mata ta zamani, inda ake karatun Alƙur'ani a kuma gayyato malama ta yi wa amarya nasiha, zama da sauraro ake so, kuma masu rabon abinci su dakata har a gama karatu. A inda aka jera tukwane kowa ya ɗebi da kansa, tebur-tebur ake tashi, manya a fara kai musu inda suke.

Sanin lokacin tashi a tafi ma ladabi ne, har Alƙur'ani ya yi magana a kansa. Aya ta 53 ta Suratul Ahzab ta sauka ne a kan walimar auren Annabi da Zainabu 'yar Jahshi. Mutane sun ci sun ƙoshi, wasu suka ci gaba da zama suna hira. Annabi ya yi kamar zai tashi don su gane, wasu suka tashi, wasu kaɗan suka zauna abinsu, shi kuma kunya ta hana shi ce musu su tafi. Ayar ta koyar da cewa idan an ci a watse. Mai gida Bahaushe ma ba zai taɓa buɗe baki ya ce baƙo ya tashi ba. Idan aka ga an fara tattara kwanuka, an fara naɗe tabarmin gefe, mai gida ya fara yawan godiya, to sallama ce.

Liyafar dare a ɗakin taro baƙuwar al'ada ce, kuma da ladabinta ta zo. Mai gabatarwa ne ke riƙe da ragama, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a zauna. Mai shigowa ya bar masu tarbar baƙi su nuna masa teburinsa, kada ya zaɓi na gaba da kansa, domin a tayar da mutum a gaban jama'a ya fi a zaunar da shi a baya ciwo. Akan miƙe idan ango da amarya za su shigo, a tsaya har su kai mazauninsu. Wannan ya samo asali ne daga bikin Turawa, inda jama'a ke tashi idan amarya ta shigo, mahaifiyarta ce ma kan fara miƙewa sauran su bi. A nan ne ladubban biyu ke karo, domin a wurin Bahaushe uba ba ya miƙe wa 'yarsa, suruki ba ya miƙe wa mijin 'yarsa. Shi ya sa iyaye da yawa ba sa zuwa irin wannan taro sam. Waɗanda suka zo, zamansu daidai ne, kuma mai gabatarwa mai hankali yakan ce matasa su tashi, iyaye su yi zamansu. Ana tashi don taken ƙasa idan an sa shi. Lokacin addu'ar buɗe taro da jawabin iyaye da yanka kek, zama ake yi, sai wanda aka kira. Hanyar tsakiya ta amarya ce, ba wurin tsayawa ɗaukar hoto ba.

Musulmi da yawa a Kaduna da Jos da Zariya da Bauchi da Yola suna da maƙwabta da abokan aiki Kirista, kuma gayyata na zuwa daga ɓangarorin biyu. A coci, har da waɗanda ake sujada da Hausa a cikinsu, jama'a sukan tashi lokacin shigowar amarya, su tashi don waƙoƙin yabo, su zauna don wa'azi, su sake tashi idan ma'auratan za su fita, kuma ba a riga su fita. Benci na gaba na iyaye ne da dangi na kusa. A cocin Katolika, idan an haɗa auren da Mas, wato babbar ibadarsu, akan tashi don karatun Bishara, a durƙusa a wasu wurare na addu'a. Baƙon da ba mabiyin addinin ba ba a neman ya durƙusa ko ya je karɓar jibi. Ya zauna shiru a wurinsa ya isa. Haka Kiristan da ya zo ɗaurin auren abokinsa Musulmi: ya tuɓe takalmi idan tabarma ce, ya zauna tare da jama'a, ya yi shiru lokacin addu'a.

Zango na ƙarshe shi ne kai amarya. Kafin a fita da ita akan kai ta gaban mahaifinta da sauran iyaye, ta durƙusa a lulluɓe su yi mata faɗa da addu'a, masu rakiya na zaune ko durƙushe a bayanta. Tsayuwa a bakin ƙofa ana cewa a yi sauri motoci na jira tana yanke wa uba maganar da ya daɗe yana tanadi. A gidan miji, akan fara kai ta wurin iyayen ango a damƙa musu amana, a nan ma ƙasa ake zama. A ɗakinta, tsofaffin da suka kawo ta su ke zaunar da ita, sauran 'yan rakiya su leƙa su ga jere, su yi addu'a, su ba wasu wuri, domin ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar unguwa. Manyan mata su ke fara tafiya, a bar ƙawaye kaɗan. Idan ango ya shigo da abokansa, sukan zauna gefe guda, ƙawaye gefe guda, a yi sayen baki, babban aboki ya yi 'yar nasiha da addu'a. Bayan addu'ar ba sauran zama. Abokan ango su ne ke da alhakin mayar da ƙawayen amarya gidajensu, don haka tare suke tashi, ango ya raka su bakin ƙofa.